Rabin Murfin Kwalba

Duk Dogarawa an san Rhoda da abu biyu: ba ta ƙaunar ganin kwano da saura, ba ta kuma ƙaunar ganin tsaka da rai. 'Ya'ya shida ta haifa, duka shidan da ɗura ta raine su, kuma in ana hira a zumuntar mata ba ta gajiya da faɗin cewa ko ɗaya bai taɓa ramewa a hannunta ba. Yadda take yi kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ta kwantar da yaro a cinya, ta matse ƙafafunsa, ta tara tafin hannu a bakinsa ta tsiyaya kunu, sannan ta toshe masa hanci da yatsa. In ya buɗe baki neman iska, kunu ya wuce. Matan unguwa har aron hannunta suke zuwa yi idan yaro ya ƙi abinci.

Autarta Hephzibah ce kaɗai ta fito da ƙorafi. Ta girma, ta yi karatun dabbobi har ta zama malama a jami'a a Samaru, ta auri Bamidele, amma har yau ko warin kunu ta ji sai zuciyarta ta tashi. Da cikinta ya kai wata biyar, ta zo gida wata Lahadi bayan an tashi daga coci, ta tarar da uwar tana yi wa ɗan maƙwabciya ɗura, yaron yana shure-shure, idanunsa sun firfito. Ta tsaya a bakin ƙofa har aka gama. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Mama, in na haihu, maman Bamidele ce za ta zo daga Ogbomosho ta zauna da ni. Ba zan iya barin miki jariri ba."

Rhoda ta yi dariya a lokacin, ta ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma maganar ta tsaya mata a ƙirji. A ce 'yarta ta haihu a garin nan, tana raye, da ƙafarta da hannunta, a ɗauko wata tun daga ƙasar Yarbawa ta yi wa jikanta wanka? Da wane ido za ta kalli matan zumunta?

Haihuwar ta zo babu shiri, cikin Agustan 2006, ana tsakiyar marka. Cikin yana wata bakwai da 'yan kwanaki aka yi wa Hephzibah aiki, aka ciro 'ya mace da ba ta fi 'yar kyanwa ba, aka sa ta a kwalba. Maman Bamidele ta aiko cewa sai nan da mako biyu za ta iya tasowa. Shi kuwa Bamidele a Kaduna yake aiki, in ya dawo asibiti yake zarcewa. Kwana biyu da aikin, Rhoda tana zaune gefen gado, Hephzibah ta zaro makulli daga ƙarƙashin matashi ta miƙa mata.

"Mama, akwai aikin da zan roƙe ki. Ki riƙa zuwa gida kina ba tsakata abinci."

Rhoda ta san da zaman tsakar. Saboda ita ne ma ta daina shiga ɗakin karatun 'yarta. Wata abokiyar bincike ce ta ba Hephzibah ita a wata tafiya da ta yi Jamus, irin wadda babu a ƙasar nan, tsaka mai zanko, wai asalinsu wani tsibiri ne can ƙarshen duniya. Da takardu da hatimi aka shigo da ita, abin da Rhoda take kashewa da takalmi.

"Akwai gari a gwangwani cikin firji," in ji Hephzibah. "Ki dama kaɗan da ruwa, kaurin shi kamar koko. Rabin murfin kwalbar lemo, Mama. Rabi. Ki sa mata da yamma, ki cire washegari, ki tsallake kwana ɗaya ki sake. Ki fesa ruwa a ganyen. Kar ki taɓa ta."

"Ni zan taɓa tsaka? Allah ya kiyaye."

"Jaririya ce, watanta huɗu. Ko kin ga kamar ba ta ci ba, ki bar ta." Ta kalli uwar cikin ido ta maimaita, "Rabin murfi."

Rhoda ba yarinya ba ce. Ta gane ba tsaka kaɗai aka danƙa mata ba. In ta mayar da abin nan da rai da lafiya, tana da bakin cewa a ba ta jikarta ta raina. In kuwa ya mutu a hannunta, magana ta ƙare, sai dai ta riƙa zuwa gaisuwa kamar baƙuwa tana kallon wata tana goya jininta. Ta ƙulle makullin a bakin zane.

Tsoron tsaka ba jiya ya kama ta ba. A ƙauyensu akwai wata goggonta da kuturta ta cinye wa yatsu, kuma kowa ya ce tsaka ce ta faɗa mata a miya. Hephzibah ta sha yi mata bayanin cewa babu ruwan tsaka da kuturta. Rhoda takan ce ta ji, amma ai ba littafi ne ya ga hannun goggonta ba, ita ce ta gani.

Da yamma ta hau bas daga Kwangila zuwa Samaru. Ta buɗe gidan, ta tsaya a ƙofar ɗakin karatu ta yi addu'ar Ubangiji har ƙarshe, sannan ta shiga. Akwatin gilashin yana kan tebur a lungun da rana ba ta kaiwa, cike da ganye da 'yan sanduna. Ta leƙa ba ta ga komai ba, har ta fara jin sauƙi. Sai ta lura da wani abu manne a gilashin, daidai fuskarta. Tsawonsa bai fi yatsarta ba in an cire wutsiya, launinsa na ƙasa-ƙasa, da wasu 'yan tsinkaye jere a saman idanunsa kamar gira. Idanun manya, ba sa ƙiftawa. Tana cikin kallo, tsakar ta zaro harshe ta lashe idonta na dama, ta mayar.

Rhoda ba ta san lokacin da ta kai falo ba. Ta daɗe tsaye riƙe da bayan kujera kafin ta iya shiga kicin. Ta dama garin, ta zuba rabin murfi, ta dube shi ta yi tsaki: wannan ko ƙuda aka ba ai an yi masa rowa. Ta zura hannu cikin leda, ta ɗora murfin a kan dogon cokali, ta tura shi cikin akwatin tana kawar da kai.

Washegari da safe ta dawo. Murfin yana nan yadda ta bar shi.

Ta ce wataƙila baƙunta ce, dabba ma tana sanin hannun mai ita. Ɗaukar murfin ya fi ƙarfinta, sai ta ture shi lungun akwatin da cokali. Ta tsallake kwana ɗaya yadda aka ce, ta sa sabo, ta dawo ta tarar da shi kamar ba a taɓa ba. A karo na uku ta cika murfin fal. A na huɗu ta ajiye maganar murfi gefe, ta ɗauko faranti, ta dama garin da yawa, ta murƙushe ayaba a kai, har da garin busasshen kifi don ƙamshi. Ba mahaluƙin da ya taɓa ƙin girkinta sau huɗu a jere. Da safe farantin yana nan, ƙananan ƙudaje suna shawagi a kansa.

A asibiti Hephzibah takan tambaye ta, "Tana ci, Mama?"

"Tana ci sosai," in ji Rhoda, tana gyara zanen gado don kada su haɗa ido.

Daga nan sai ta leƙa ta tagar ɗakin jarirai ta hango jikarta cikin kwalba, ƙirjinta yana hawa da sauka da sauri, haƙarƙarinta a fili. Ta koma Samaru ta ga ɗaya abin cikin nasa gilashin, shi ma kamar kullum ƙara tsotsewa yake. Abinci ya daina yi mata daɗi. Da can tsoron tsakar take ji, yanzu kuwa tsoron mutuwarta ya danne wancan.

Ranar kwana na tara ta shiga ɗakin ta tarar tsakar ta yi fari fat, kamar an bulbule ta da toka, tana laɓe ƙarƙashin ganye ba ta motsi. Rhoda ta matso kusa da gilashin. Ta san wannan launi. Ta sha ganinsa a fuskar yara. Ta tuna Hephzibah ta ce, "Ki bar ta." A bar ta ta mutu ke nan? Masu karatu suna da sauƙin faɗin a bari, tunda ba su taɓa tsayawa bakin ƙaramin kabari ba.

Ta tari ɗan acaɓa zuwa kasuwar Sabon Gari, ta ratsa taɓo har shagon Nnenna mai kemis, wadda ta shekara goma tana sayen maganin ciwon gwiwa a wurinta.

"Nnenna, ba ni sirinji ƙarami, ban da allura."

Nnenna ta ɗauko, amma ba ta sake shi ba. "Mama, na for that small pikin, jaririyar nan? Abeg, kar ki ba ta komai fa. Bakwaini ne, sai abin da nas ta ce."

"Ba ita ba ce."

"To wa?"

"Wani mara lafiya ne." Ta karɓa ta fita, kunya da haushi suna cin ta. Ashe har a kasuwa an san halin hannunta.

Ana yayyafi ta koma Samaru. Ta dama garin da ruwa-ruwa, ta zuƙe cikin sirinjin, ta sa leda a hannu biyu ta ɗaure a wuyan hannu. Ta ce, "Yesu, ka ga dai ba mugunta ba ce." Ta buɗe akwatin, ta rufe ido ɗaya, ta cafko ta.

Ba ta zaci haka jikin yake ba. Sanyi, laushi, babu nauyi ko kaɗan, kuma ta cikin ledar tana jin wani abu yana bugawa da sauri. Amma sabo turken wawa ne: da abu mai ƙin abinci ya shiga hannun Rhoda, hannun ya san sauran aikin ba sai an gaya masa ba. Ta zauna, ta kwantar da ita a cinya, ta kafa bakin sirinji a gefen bakinta. Tsakar ta datse baki. Babban yatsan Rhoda ya tafi neman hanci, ya rufe fuskar gaba ɗaya. Tsakar ta wangale baki ta yi wata 'yar ƙara, Rhoda ta danna.

Abincin ya cika bakin, ya dawo ta ƙofofin hanci yana kumfa. Tsakar ta murɗe, ta sulɓe daga ledar, ta yi tsalle. Rhoda ta kai hannu ta damƙo abin da ta samu. Abin da ta samu wutsiya ce, ita kaɗai, tana mutsu-mutsu a tafin hannunta.

Ta yar da ita, ta zube a ƙasa. Wutsiyar ta ci gaba da birgima a kan siminti, babu kai babu jiki, Rhoda tana kallo ta kasa ko addu'a. Da ƙyar ta rarrafa ta gano tsakar a bayan littattafai, ta kifa mata rariya, ta tura kwali ƙarƙashi, ta mayar da ita akwati. Tsakar ta kwanta a ƙasan akwatin, baki a buɗe, wuyanta yana kumbura yana sacewa. Garin neman ƙiba an samo rama.

Abu ɗaya ta riƙe ta lallashi kanta da shi a hanyar gida: wutsiyar tsaka tana tsirowa. Wannan ko yaron goye ya sani. In dai ta rayu, kafin a sallamo Hephzibah wataƙila ta fara fitowa, sauran kuma a san abin faɗa.

Gari na wayewa ta nufi Hanwa wurin Shekari, dattijon cocinsu, wanda ya shekara talatin yana kula da macizai da ɓerayen gwaji a sashen su Hephzibah. Ta gaya masa rabin labarin a tsaye, sauran rabin ya karanta a fuskarta. Ya goya ta a tsohon babur ɗinsa har Samaru.

Tsakar tana raye. Ta hau wani reshe, farar fatar ta yage tana reto a kafaɗarta, ta ƙasa kuwa sabuwa ce mai haske.

"Saɓa take yi, Maman Hephzibah," in ji Shekari. "In za su yi saɓa haka suke yin fari. Ba ciwo ba ne."

Ya zura hannu babu leda babu komai, ya kwaso murafen da ta tara a lungu, ya kai bakin taga, ya ba ta tabaransa. "Duba nan."

Ta duba. A saman busasshen abincin akwai 'yan layuka sirara, uku ko huɗu, kamar an ja da bakin tsinke. A murfi na biyu ma haka, a na uku ma haka.

"Sawun harshenta ke nan. Cikinta bai fi ƙwayar wake ba, in ta lasa sau biyar ta ƙoshi." Ya juya wani ganye ya nuna mata wani ɗan baƙin ɗigo mai farin kai. "Wannan kuma kashi ne. Ga wani, ga wani. Wanda bai ci ba ai ba ya kashi. Tun ranar farko take cin abincinki."

Rhoda ta zauna a kujerar 'yarta. Ta ce, "Baba Shekari, wutsiyar kwana nawa take yi kafin ta fito?"

Ya karɓi tabaran yana gogewa da bakin riga. "Namu na bango ne ke tsirowa. Irin wannan in ta zubar, ta zubar ke nan har ta mutu."

"Za ta rayu?"

"In abincin bai shiga huhunta ba. Sai a ga kwana uku. Babu abin yi yanzu sai a bar ta." Ya duƙa ya tsinci wutsiyar a ƙarƙashin tebur, ya zazzage kwalin ashanarsa ya sa ta ciki, ya miƙa mata. A bakin ƙofa ya tsaya. "Tsawa ma tana firgita su su zubar da wutsiya, kuma an yi tsawa jiya. Malama ta san da haka. Ba cewa na yi ki faɗi hakan ba, na dai gaya miki ne."

Tun daga Samaru har asibiti tsawar nan take juyawa a ranta. Kalma ɗaya ce, kuma Hephzibah za ta yarda. Ta shirya ta tsaf a bakinta.

Da ta shiga ɗakin sai ta ga abin da ba ta zata ba. An fito da jaririyar daga kwalba, tana kwance a ƙirjin uwarta cikin zane, kanta bai fi lemon zaƙi ba. Hephzibah ta yi murmushi, hannunta na dama ɗaure da robar ƙarin ruwa. "Mama, zo ki gan ta da kyau. Yaya tsakata?"

Rhoda ta kalli ɗan hancin jaririyar, ƙofofi biyu da ba su fi na tsakar ba da yawa. Maganar tsawar ta maƙale. Ta kwance bakin zane, ta ajiye kwalin ashanar a kan gado.

Hephzibah ta tura shi da yatsa ya buɗe. Ta daɗe tana kallo.

"Ɗura na yi mata," in ji Rhoda. "Kin ce in bar ta, ban bar ta ba. Tana da rai, amma Baba Shekari ya ce sai an ga kwana uku. Kuma duk ranar da na ce miki tana ci, ban san tana ci ba. Ƙarya nake yi."

"Me ya sa, Mama?"

"Na ga murfin bai ragu ba." Ta zauna a bakin gadon. "Mu tara mamana ta haifa, uku muka tsira. Duk wanda ya tafi, da barin abinci a kwano ya fara. Ni nake wanke kwanonin. Ku shidan nan, kina tsammani ƙarfin hali ne ya sa nake danne ku? Tsoro ne, Hephzibah. Ban taɓa ba yaro abinci ba tare da tsoro ba."

Hephzibah ta rufe kwalin. Hawaye ya gangaro mata har kunne, ba ta share ba. Rhoda ta sunkuyar da kai. A ranta ta riga ta ga maman Bamidele tana sauka a tasha da jakarta.

Sai nas ta shigo da wani ɗan kofi, da nonon da aka tatsa a ciki, bai kai cokali uku ba. Ta dubi hannun Hephzibah mai robar ruwa, ta ce bari ta gama da gado na gaba ta dawo ta ba ta.

"Miƙa wa Mama ta ba ta," in ji Hephzibah.

Nas ta naɗe jaririyar ta ɗora wa Rhoda a cinya, ta tada kanta, ta nuna mata. "Ba zubawa ake yi ba. Ki karkata kofin har nonon ya taɓa leɓenta, shi ke nan. Ita za ta sha da kanta." Ta wuce.

Rhoda ta gyara riƙon jaririyar. Ta kai kofin. Jaririyar ta yamutsa fuska, ta zaro ɗan harshe ta lasa. Ta sake lasa. Ta huta, ta ƙara, a hankali, har kusan rabi ya tafi. Sannan ta datse baki, ta kawar da kai, ta lumshe ido.

Saura yana nan a gindin kofin, fari, yana kallon Rhoda. Zuciyarta ta shiga bugawa kamar ranar da ta fara wanke kwanon ƙaninta. Ta jingina kan jaririyar a gwiwar hannunta, ta ajiye kofin a gefen gado don ta gyara zama, sai ta ga hannunta na dama ya riga ya taso, babban yatsa a gaba, ya nufi ɗan hancin. Hephzibah ma ta gani. Numfashinta ya tsaya.

Rhoda ta dubi hannun kamar na wata. Ta janye shi, ta ɗaga cinya, ta tura shi ƙarƙashi ta zauna a kai.

"Ta ƙoshi," ta ce. Shekararta sittin da ɗaya, ba ta taɓa faɗin haka a kan wani yaro ba.

Hephzibah ta saki numfashi, ta mayar da kai kan matashi. Can ta ce, "Bayan awa biyu za a sake kawowa, Mama. Kar ki yi nisa."

Rhoda ta gyaɗa kai. Ba ta ciro hannun ba har nas ta zo ta ɗauke kofin da sauransa a ciki.